Tambarin Intel a jikin kwamfuta: a tambayi shekarunta kafin a biya

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kwamfutocin gwanjo a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san wani ɗan tambari shuɗi da ake liƙawa kusa da madannai, an rubuta Intel a kai. Shi mai kanti yake fara nunawa: "Hajiya, dubi nan, Core i7 ce." Ita kuwa Hajiya ɗanta ne ya shiga jami'a, ba ta san i7 ba balle i3, sai ta kwance bakin zane ta ƙirga jikkunan da ta yi watanni tana tarawa a adashi. A ganinmu lokaci ya yi da za a faɗa wa jama'a abin da tambarin nan yake nufi, da abin da ba ya nufi.

Intel kamfani ne na Amurka da Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a jihar Kaliforniya a 1968. Ba ya ƙera kwamfutar da kuke gani, ƙwaƙwalwar cikinta yake yi, wato ɗan falle ne da bai kai akwatin ashana ba, wanda shi ke yin lissafin komi. Abin mamaki, daga kayan ƴan kasuwa aka faro. Wani kamfanin Japan mai suna Busicom ne ya nemi a yi masa ƙwaƙwalwar na'urar lissafi, irin ta kan teburin mai kanti. Daga nan aka samu 4004 a 1971. Intel ya mayar wa Busicom dalar Amurka 60,000 (ba dalarmu ta sefa ba) domin ya samu izinin sayar wa kowa. Busicom ya karye a 1974. Shi kuwa Intel, da kamfanin IBM ya sa ƙwaƙwalwarsa a kwamfutar da ya fitar a 1981, sai kasuwa ta buɗe masa.

To amma wa zai san sunan abin da yake ɓoye cikin inji? Shi ya sa a 1991 suka fito da dabarar tambarin "Intel Inside", suna taimaka wa masu ƙera kwamfuta da kuɗin talla muddin za su liƙa shi. Tun daga ranar mai saye ya koyi neman tambari, kamar yadda mata ke neman hatimi a bakin atamfa.

Suna kuwa yana da nauyi, kuma Intel ya ɗanɗana. A 1994 wani malamin lissafi a jihar Bajiniya, Thomas Nicely, ya gano cewa sabuwar ƙwaƙwalwar Pentium tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Kamfanin ya riga ya san da aibin, ya yi shiru. Da magana ta fito sai ya ce talaka mai aikin yau da kullum zai yi shekara 27,000 bai gamu da kuskuren ba, kuma wanda yake son canji sai ya kawo hujja. Jama'a suka fusata, IBM ya dakatar da sayar da kwamfutocin. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya ba da haƙuri, ya yarda ya canza wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475. Duk macen da ta taɓa sayar da mai a kwalba mai tsaga ta san wannan ciniki: da ta faɗa tun farko, da asarar ba ta kai haka ba.

Bayan haka sai raina ƙaramar riba. Lokacin da Apple ke shirin iPhone ta farko, shugaban Intel na wancan zamani, Paul Otellini, ya ga farashin da aka taya bai yi masa ba, ya bar cinikin. Shi da bakinsa ya yi nadama a 2013. Ga sakamakon nan a aljihunku: Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu, akasari ƙwaƙwalwar MediaTek ta Taiwan ko Unisoc ta Sin ce a cikinsu. A 2020 Apple ya fara cire Intel daga kwamfutocinsa, a 2024 kamfanin ya yi asarar kusan dala biliyan 19, a 2025 kuma gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa.

Ba muna cewa kayan Intel ba su da kyau ba ne. Muna cewa sunan kaɗai ba ya gaya maka komi. Tun 2008 aka fara fitar da i7, kuma an yi shekaru ana fitar da sabon zubi kusan kowace shekara. Sirrin yana cikin lambar da ke bin sunan. Idan an rubuta i7-2620M, wannan 2 ta farko tana nufin zubi na biyu, na 2011. Idan an rubuta i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, kuma ya fi wancan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Amma a kanti sai ka ji an tsuga wa tsohuwar kuɗi saboda bakwai ta fi biyar.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran kariya na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma, a ƙa'ida, daga zubi na takwas take farawa. Ofisoshin Turai da suka sauya injuna ba za su binne tsofaffin ba, kuma mun san inda irin waɗannan kaya suke sauka. Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba, tana rubutu, tana lissafin kaya, mai gyara yana iya sa mata Linux ta ci gaba da aiki. Sai dai a saye ta da kuɗin tsohuwa, kuma mai shigar da asusunsa na banki a cikinta ya san inda ya taka.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da kayan lataroni da su wajabta wa mambobinsu rubuta cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwa a kan rasit, da ranar saye. Mai gaskiya ba abin da zai rasa. Ku kuma iyayenmu mata da alhazai, kada ku dogara da tambari, domin ɓamɓare shi daga wani inji a manna a wani aikin minti ɗaya ne. Ku sa a kunna kwamfutar a gabanku, a buɗe wurin da take nuna bayanin kanta, yaron da kuka zo da shi ya karanta muku lambar da ƙarfi. In mai kanti ya ce batir ya mutu ko babu wuta, ku ce za ku dawo gobe.