Ina Aka Kai Alfadarin Napoliyon?

Ɗan yayata ne ya ja mini wannan ɓacin ran. Yaro ya gama jami'a yana ta faman neman aiki, sai ya ɗora wani hoto a WhatsApp: farin ingarma ya yi tsaye da ƙafafun baya a gefen dutse, iska na kaɗa geza da jar alkyabba, mahayin ya nuna sama da hannu kamar mai cewa ku biyo ni. A ƙasa ya jera kalaman ƙarfafa zuciya irin na yaran zamani. Na ce masa, kai, ka san hoton nan ƙarya ne tun daga kofato har hula? Ya ce, "Haba Kawu, ai tarihi ne."

Tarihi! To bari mu yi tarihin.

A watan Mayun 1800 Napoliyon ya ƙetare duwatsun Alps da dakaru wajen 40,000 zai afka wa sojojin Ostiriya a Italiya. Wannan gaskiya ne. Amma a kan alfadari ya ƙetare. Alfadari, ɗan jaki, wani mutumin ƙauyen wurin na riƙe da linzami yana ja, bayan rundunar ta riga ta yi gaba. Kuma ya yi hankali, don babu mahaukacin da zai yi sukuwa a kan ƙanƙara a bakin rami. Sai dai alfadari ba ya sayar da sarauta. Aka sa mai zane Jacques-Louis David ya gyara lamarin. Gogan naka ko zama a zana shi bai yarda ya yi ba, abin da ya nema kawai a nuna shi cikin natsuwa a kan doki mai zafi. David ya cire alfadari, ya kori mai jan linzami, ya rubuta sunan maigida a jikin dutse kusa da na Hannibal da Charlemagne. Sau biyar aka zana wannan ƙarya tsakanin 1801 da 1805. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki, ga ɗaya nan a wayar ɗan yayata.

Ka ƙura wa hoton ido da kyau, ɗan'uwa. Can a tsakanin ƙafafun dokin za ka hango wasu 'yan mitsi-mitsin mutane kamar tururuwa suna fama da igwa a hawan dutse. Su ne sojojin. Su suka fafe gungumen itace suka kwantar da igwogi a ciki suka ja da igiya cikin sanyi mai tsinka yatsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma wai wannan ne ake kira karrama soja.

Mu nan ba baƙin roƙo ba ne. Mun san maroƙi, mun san abin da ke sa bakinsa zaƙi, kuma idan ya ce wa mai kuɗin unguwa giwa, kowa ya san riga yake nema, a yi dariya a wuce. Abin da ke ba ni haushi shi ne idan maroƙin ya ajiye kalangu ya ɗauki burushi, aka sa wa kirarin firam na zinariya aka rataye a gidan tarihi, sai mu tsaya a gabansa baki buɗe, hannu a baya, kamar muna gaban alƙali. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. David ya ci, ya kuma yi askin tas.

Almajirinsa Antoine-Jean Gros ma ya fi shi ƙarfin hali. A 1804 ya zana Napoliyon a garin Yafa na Falasɗinu, ya shiga cikin sojojinsa masu fama da annoba, ya cire safar hannu yana taɓa marurun mara lafiya, sai ka ce waliyyi. A wannan Yafar dai, a watan Maris na 1799, mutumin nan ya sa aka kashe fursunoni fiye da 2,000 waɗanda suka riga suka miƙa wuya. Wannan ɓangaren fenti bai kai kansa ba, ya ƙare.

Je ka fadar Versailles, akwai wani zaure da Sarki Louis-Philippe ya buɗe a 1837, tsawonsa mita 120, da manyan zane-zanen yaƙi 33 a jere. Nasara, nasara, nasara, har zuwa Wagram a 1809, sai aka ja birki. Ina dawowa daga Rasha ta 1812, inda aka tafi da ɗaruruwan dubbai aka dawo da ragowa? Ina Waterloo? Bango ya cika, ka gane.

Kada Ingila ta yi dariya, nata ya fi ciwo, kuma ya fi kusa da mu. Ranar 2 ga Satumban 1898, a Umdurman ta Sudan, bindigogin Maxim da igwogin Kitchener, kwamandan Ingila, suka kashe mutanen Halifa, mai mulkin ƙasar a lokacin, fiye da 10,000 kafin rana ta yi tsaka. Ɓangaren Kitchener bai rasa ko 50 ba. Yanka ne aka yi daga nesa, yawancin mamatan ko fuskar wanda ya harbe su ba su gani ba. To me masu zane irin su Richard Caton Woodville suka zaɓa su nuna wa mutanen Landan? Sukuwar mahaya dawakai ta runduna ta 21, da māsu da takubba, gaba da gaba, ƙarfe na haɗuwa da ƙarfe. Ɗan guntun faɗan da bai sauya komai ba a ranar, wanda ma faɗawa tarko suka yi, shi ya zama hoton yaƙin. Injin da ya yi aikin kuwa aka ture shi gefe, don babu jarumta a danna kunama. Shekara biyar bayan nan irin wannan bindigar ta iso Burmi a arewacin Najeriya. Mu mun san ba da takobi aka ci mu ba.

Wani zai ce, to kai malam, ba ka son a girmama soja ne? Ina so mana. Wanda ya bar mata da 'ya'ya ya je ya kwana a rami ya cancanci fiye da hoto. Shi ya sa ma raina ke ɓaci, domin duk mai zanen da ya yi ƙoƙarin nuna abin da sojan ya gani da idonsa, sai an bi shi da tsumma ana rufewa.

Christopher Nevinson, gwamnatin Birtaniya da kanta ta ɗauke shi ya zana Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 ya zana sojojinsu biyu kwance rub da ciki a laka, cikin waya mai ƙaya, matattu. Hukuma ta ce ba za a nuna ba. Ku kuka tura su, ku kuka tura shi ya gani, amma gawarsu ta zama abin kunya! Mutumin ya rataye zanen a baje kolinsa na 1918, ya manna takarda a kai da rubutun cewa an haramta. Otto Dix na Jamus ya yi shekaru yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta a fagen daga, ya dawo ya zana abin da ya baro a ramuka. Da 'yan Nazi suka hau a 1933 suka kore shi daga koyarwa a Dresden, wai yana kashe wa jama'a zuciyar yaƙi, su da suke shirin sake tura wasu yaran. Goya na Sifaniya kuwa, hotunansa na bala'in yaƙin da sojojin wannan Napoliyon ɗin suka kai ƙasarsa, ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan ya mutu.

Amma wanda ya fi tsaya mini a maƙogwaro na zamaninmu ne. Ranar 26 ga Afrilun 1937 jiragen Jamus da Italiya suka yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai a ranar kasuwa. Picasso ya zana abin, baƙi da fari da toka-toka: uwa na kururuwa da gawar ɗanta a hannu, doki ya wage baki, soja a warwatse a ƙasa da karyayyen takobi. An saƙa kwafinsa kamar darduma aka rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wai don masu shiga su riƙa tunawa. Madalla. Sai ga Fabrairun 2003, Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, zai zo ranar 5 ga wata ya yi wa duniya bayanin dalilin afka wa Iraƙi. Me aka yi? Aka sako shuɗin labule aka rufe uwar da ɗanta. Da aka tambaya, sai aka ce ai don kyamarorin talabijin ne, bayan mai magana ya fi kyau idan babu tarkace. Tarkace! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. A watan Maris bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza, makaman ƙare-dangin da aka ce ana nema kuwa har yau shiru.

Laifin bai tsaya kan sarakuna da masu labule ba. Mu ma da namu. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, kuma zanen yaƙi ba ya wari, ba ya kuka, ƙuda ba ya binsa. Mu muke zaɓar ingarman. Ba wanda ya sa mana bindiga a ka.

Ashe an taɓa zana gaskiyar ma. Wajen 1850 Paul Delaroche ya zana Napoliyon a wannan hanyar dai, a kan alfadarinsa, ya takure cikin babbar riga ruwan toka, fuska a yamutse da gajiya, mai jan linzami na gaba yana dogara sanda a ƙanƙara. Na nemo hoton na tura wa ɗan yayata. Ya daɗe bai amsa ba. Can sai ga saƙo: "Kawu, wannan ai kamar wanda za a kai asibiti."

Na duba da safe. Dokin na nan.