MAGANIN SIKILA YA SAMU, AMMA TALAKA SAI DAI YA JI LABARI

A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, a watan Disamba kuma ta Amurka ta bi sahu, ta ƙara da wani mai suna Lyfgenia. Nan da nan kafafen watsa labaran Turawa suka ɗauki kiɗa da rawa, wai an gama da ciwon sikila, wato amosanin jini. Abin da ba su cika ɗaga murya a kansa ba shi ne farashi. Casgevy dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, Lyfgenia kuwa dala miliyan 3.1. In aka ƙiyasta dala a kan naira 1,500, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi sama da shekara 3,900 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi mai arahar cikinsu. Ga kuma Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo, inda ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a kowace shekara.

Kafin a shiga batun zalunci, ya kamata 'yan uwa matasa su san abin da ake magana a kai, domin mai gwagwarmayar da bai san abin da yake yaƙa ba ihu kawai yake yi. A cikin jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam akwai wani furotin da ake kira himogulobin, shi ne mai dakon iskar da ake shaƙa daga huhu zuwa sauran jiki. Allah Maɗaukakin Sarki ya gina shi da silili huɗu, kowanne kamar carbi, 'ya'yan carbin kuma su ne ake kira amino asid. Biyu daga cikin sililin suna da 'ya'ya 146 kowanne. To a jikin mai sikila, ɗa guda ɗaya tak, na shida a jeri, shi ne ya canza, maimakon gulutamik asid sai balin ya zauna a gurbinsa. Wannan ɗan canji ne ke sa himogulobin ya riƙa manne wa junansa idan ya sauke iska, ya zama dogayen zarurruka masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Laujen nan shi ke toshe ƙananan jijiyoyi, shi ke sa yaro ya kwana yana kuka da ƙashi lokacin sanyin hunturu, shi ke jawo shanyewar ɓarin jiki ga ɗan shekara biyar. Lafiyayyar ƙwayar jini takan rayu kwana 120, ta mai sikila kuwa da ƙyar ta wuce kwana 20, shi ya sa kullum yaron ke cikin ƙarancin jini. Tun 1949 Linus Pauling ya nuna cewa matsalar tana jikin furotin ɗin ne, a 1956 zuwa 1957 kuma Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin gurbin. Ba aljani ba ne, ba maita ba ce, ba kuma kishiya ce ta yi asiri ba.

Da aka san inda matsalar take, sai masana suka koma neman yadda za su gyara ta. Masu Lyfgenia sun lura cewa himogulobin ɗin da jariri ke amfani da shi a cikin mahaifa ba ya wannan mannewa, sai suka kwaikwayi sirrinsa: suka ƙera wani himogulobin da aka canza masa ɗa na 87 zuwa irin na jarirai, suka cusa umarnin ƙera shi a cikin ƙwayoyin ɓargon maras lafiya. Masu Casgevy kuwa sun yi amfani da almakashin nan na yanka ƙwayar gado da ake kira CRISPR, wanda ya samo wa mata biyu lambar Nobel a 2020, suka datse wani makunni da ke kashe himogulobin ɗin jarirai bayan haihuwa, sai jiki ya koma yin sa. Babu mai hankalin da zai ce wannan ba ilimi ba ne, kuma babu mai imanin da zai ji haka bai ƙara ganin girman Mahaliccinsa ba. Amma aikin ba allura ɗaya ba ce a kemis. Sai an zaƙulo ƙwayoyin ɓargo, an kai su ɗakin gwaji wata da watanni, an ba maras lafiya magani mai ƙarfi da ke kashe tsohon ɓargonsa, wanda yakan iya hana shi haihuwa har abada, sannan ya yi makonni a kwance a ɗaki na musamman. Wane asibitin gwamnati ne a nan, inda ake neman dangin maras lafiya su sayo safar hannu da sirinji, zai ɗauki wannan?

Saudiyya da Bahrain sun amince da Casgevy tun a watannin farko, domin suna da abin biya. Kamfanonin ba su ɓoye manufarsu ba, ba don mai ciwo suka yi ba, don mai kuɗi suka yi. Wannan shi ne tsarin jari hujja tsirara: ana auna ran mutum da abin da ke aljihunsa, wanda aljihunsa ya bushe kuma ba ya cikin lissafi.

Sai dai ba a mantawa da raunana idan ana neman jikin da za a yi gwaji. A 2019 Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Oxbryta, wadda ke maƙalewa a jikin himogulobin ta sa ya riƙe iska da kyau don kada ya manne. A 2022 kamfanin Pfizer ya saye kamfanin da ya ƙera ta kan dala biliyan 5.4. A watan Satumban 2024 sai ga shi ya janye ta daga kasuwannin duniya baki ɗaya, yana cewa haɗarinta ya rinjayi amfaninta. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka jawo haka, wanda aka yi kan yara a ƙasashe da suka haɗa da Nijeriya da Gana da Kenya da Masar, yara 8 ne suka rasu cikin waɗanda aka ba ƙwayar, 2 cikin waɗanda ba a ba ba. Adalci shi ne a faɗi cewa ba a tabbatar ƙwayar ce ta kashe kowannensu ba. Amma abin tambaya yana nan: da ƙwayar ta yi nasara, iyayen yaran nan za su iya sayenta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutanen Kano kuwa ba sa bukatar a gabatar masu da wannan suna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wannan kamfani ne ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar.

To amma duk wanda ya tsaya kan Turawa ya yi shiru, rabin gaskiya ya faɗa. Ina mahukuntan gida? A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta fitar da Niprisan daga haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari da ganyen dawa, gwajin farko ya nuna yana rage tashin ciwon. Me aka yi da shi? A 2002 aka miƙa lasisinsa ga wani kamfanin Amurka mai suna Xechem, a 2008 kamfanin ya karye, marasa lafiya suka shiga neman magani ido rufe. Alhali Kuba, da take cikin takunkumin Amurka, ta kafa cibiyar binciken ƙwayoyin halitta a Habana tun 1986, ta kai ga ƙera rigakafin ciwon hanta da kanta. Iran ma tun 1997 ta tilasta gwajin jini kafin aure don yaƙar talasimiya, 'yar uwar sikila. Ba takunkumi ne ya hana Nijeriya ba, ba rashin kuɗi ba ne, rashin kishi ne da handama.

Abin da ya fi ciwo shi ne, akwai abin da za a iya yi yau, ba da miliyoyin dala ba. Ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda Amurka ta amince da ita ga masu sikila tun 1998, tana ƙara himogulobin ɗin jarirai, wato aikin da Casgevy ke yi, sai dai a taƙaice kuma da shan yau da kullum. Likitoci a Kano da Kaduna sun gwada ta kan yaran da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ta rage haɗarin. In aka haɗa da gwajin jarirai da zarar an haife su, da penisilin, da rigakafi, da gidan sauro, yara da yawa da ake binnewa kafin shekara biyar da sun girma. Kuɗin jerin motocin gwamna ɗaya ya isa ya riƙe dubban yara a kan wannan ƙwaya.

Akwai kuma laifin da ke wuyan matasa su kansu, kuma ba zai yiwu a rufe shi da kabbara ba. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a ƙasar nan AS ne, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, kowane ciki daban, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu sauran su tsira ba. Duk da haka sai a ga saurayi, wai shi mai tawakkali, ya ce gwajin jini rashin yarda da ƙaddara ne, ko ya biya wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya rubuta masa AA na ƙarya, tun da jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024. Wannan yaudara ce ga yarinya da waliyyinta, zalunci ne kuma ga jaririn da bai zo ba. Addinin da ya yi umarni da neman magani, ya haramta cutarwa da ha'inci, ba zai zama mafakar mai takardar jabu ba. Kuma lokacin yin gwaji shi ne kafin a fara zance, ba bayan an kai lefe ba.

Haka nan fushi da kamfanoni bai kamata ya koma ƙin ilimi ba. An gwada wannan a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, ba ɗan Bature ko ɗaya da ya gurgunce, 'ya'yan talakawa ne suka koma jan gindi, cutar kuma ta tsallaka har ƙasashen maƙwabta. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da ita. A 2024 lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta tafi ga masu ƙera sababbin furotin da masu hasashen siffarsu da kwamfuta, kuma siffofin furotin sama da miliyan 200 suna nan a intanet kyauta ga duk mai iya karanta su. Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sashen nazarin sinadaran jiki, kuma ba su taɓa korar ɗalibi don yana zuwa sallar asuba ba.