Goyo da Karatu a Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka, cikin ɗalibai biyar na manyan makarantu kusan ɗaya yana da ɗa a hannu, mafi yawansu kuwa mata ne. To, taura biyu ba ta taunuwa. Mai goyo ba ta samun zama gaban malami sai ta sami inda za ta ajiye yaro, gidajen reno kuwa a can sai da kuɗi mai tsoka.

Saboda haka a shekarar 1998 Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa wani shiri mai suna CCAMPIS. Gwamnatin tarayya ke ba makaranta kuɗi na shekara huɗu, ita kuma makaranta ta ɗauke wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi wani kashi na ladan reno. A 2017 kuɗin wajen dala miliyan 15 ne, a 2018 aka kai shi miliyan 50, a 2023 miliyan 75. Amma a 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta nemi Majalisa ta soke shi ɗungum, bisa hujjar cewa akwai wani kuɗin reno da ake rabawa ta hannun jihohi.

Wannan hujja ba ta da ƙarfi, gama shi kansa wancan kuɗin ba ya kaiwa ga mafi yawan waɗanda suka cancanta. A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana cewa cikin ɗalibai ɗari masu 'ya'ya, 52 sun bar makaranta cikin shekara shida ba takardar shaida, alhali marasa 'ya'ya 32 ne kaɗai. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 iyaye wajen 3,300 shirin ya taimaka, yara fiye da 4,000 kuwa suna jiran wuri. Watau laifin shirin ƙanƙanta ne.

Masu ciniki sun san hukuncin falken da ya sayi kaya da uwar kuɗinsa, sa'an nan ya ji ƙyashin ladan dako, ya bar kayan a hanya. Haka gwamnatin da ta biya wa talaka kuɗin makaranta, ta ƙi biyan na reno: uwa ta koma gida ba shaida, sau da yawa ma da bashi a wuya, abin da aka kashe ya tafi a banza.

Lalle abin da ya kamaci Majalisar Amurka shi ne ta riƙe wannan shiri, ta kuma ƙara masa kuɗi har yaran da ke jira su sami wuri.