Rake Da Zaƙi, Amma A Bakin Wa?

Na san an saba cika wannan mujalla tamu da waƙoƙi da tatsuniyoyi da gardamar nahawu, amma yau ina roƙon aron fili in yi maganar fili. Harshen nan da muke wa hidima a bakin manoma da makiyaya yake raye, su kuwa rayuwarsu a kan ƙasa take.

A shekarun 2016 da 2017, zamanin Gwamna Badaru Abubakar, manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura sun yi ta kuka da zanga-zanga, saboda gwamnatin Jihar Jigawa ta ware hekta 12,000, wato kusan eka 30,000, don kamfanin Lee na wani attajiri ɗan asalin ƙasar Sin ya noma rake ya kafa masana'antar sukari. Duk wanda ya san ƙasar nan, daga Gagarawa Tasha har Maigatari, ya san babu fili mai wannan faɗi da ba shi da masu shi. In ba gonar gero ko riɗi ko zoɓo ba ce, to wajen kiwo ne, ko burtali, ko inda mata ke samo itace da ganyen kuka.

Hujjar masu mulki ita ce za a samu aikin yi, kuma Nijeriya za ta rage sayo sukari daga waje, kamar yadda shirin bunƙasa sukari na 2012 ya tanada. Ni ba na gaba da masana'anta. Amma ina tambaya: wane irin aiki? Mutumin da ke da gonarsa da rumbunsa, in ya koma mai saran rake a kan ladan yini, gaba ya ci ko baya? Lada na ƙarewa ran da injin ya tsaya, gona kuwa har jikoki. Masana'antar sukari ta Bacita da ta fara aiki a 1964, ai ita ma da kirari aka buɗe ta, daga baya ta durƙushe.

Sai maganar ruwa. Rake na bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya nuna, alhali ruwan daminar ƙasar Gumel bai kai rabin mafi ƙarancin wannan ba. Cikon daga ina zai fito, in ba daga kogi ko ƙarƙashin ƙasa ba? In rijiyoyin ƙauye suka ja baya, wa zai biya diyyar wannan?

Tushen cutar kuwa yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ƙwace ta in bukatar jama'a ta taso. Diyyar da ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, shuka da bishiya da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Ke nan ana iya ƙirga wa mutum bishiyoyinsa a sallame shi daga gonar da ya gada kaka da kakanni. Makiyayi kuwa, da ba shi da shuka ba shi da takarda, ko a lissafi ba ya shiga. To, ina bukatar jama'a a cikin karɓe wa dubban talakawa a miƙa wa ɗan jari-hujja guda? Mai riƙon amana ba ya kyauta da kayan marayu.

Kada ɗan birni ya ce wannan matsalar ƙauye ce. A Kano, zamanin Gwamna Ganduje, an yanka gefen Filin Idi aka gina shaguna. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su. A watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Dubi wannan kwamacala! An taɓa filin jama'a ba da shawararsu ba, sannan aka ɗora wa baitulmalinsu biyan ɓarnar.

Tarihi ma ya yi mana gargaɗi. A watan Afrilun 1980, a Bakolori kusa da Talata Mafara, 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta saboda sun tsaya kan diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Rayuka da dama sun salwanta. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ga abin da nake kira a kai. Duk wata yarjejeniya kan filin jama'a a fassara ta da Hausa, a karanta a ƙofar dagaci kafin a sa hannu. Manomi ya riƙe gonarsa ya noma raken ya sayar wa masana'anta, ko a ba shi hannun jari a ciki. A shata burtali da wajen kiwo da filin idi da maƙabarta, a rubuta a doka, yadda ba gwamnan da zai taɓa su. Kuma a gyara dokar 1978 ta biya darajar ƙasa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, da kuɗin gero da riɗi aka kawo yawancinmu jami'a. Gobe mu ne safiyo, mu ne lauyoyi, mu ne manyan sakatarorin da za a kawo wa fayil. Ranar nan, alƙalaminmu zai auna wa iyayenmu gaskiya, ko zai auna gonarsu ga baƙo? In mun iya fiɗar waƙa baiti-baiti, me zai hana mu fiɗe doka sashe-sashe mu kai wa mutanenmu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu bakin faɗa musu gaskiya. Wassalam.