Hausawan Diko, Har Yaushe Za Mu Ci Gaba Da Cewa "Sai Na Samu Lokaci"?

Yau kam da faɗa na zo, duk wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, don ni kaina ban tsira daga cikinta ba.

Kwanakin baya muka yi jana'izar wani dattijo a unguwarmu nan Diko. Tun yana saurayi ya baro ƙasar Katsina, ya zauna a nan har ya ga jikokinsa. Ya san gidan Gbagyin da ya bai wa iyayenmu masauki da gona, ya san sharaɗin da aka yi, ya san waɗanda suka shaida. Kullum na zauna wurinsa sai in ce, "Baba, wata rana zan zo da littafi in rubuta labarin nan." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "To yaro, ina nan." Shekara huɗu ina wannan alkawari. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na ɗauko littafin da na saya domin wannan aiki, wallahi ban da kwanan wata da bisimilla babu komai a ciki.

Wannan ita ce cutarmu. Mun iya hira, a teburin mai shayi sai mu kai sha biyun dare muna warware siyasar Abuja da ta Amurka. Amma ka ce wa mutum ya rubuta layi goma a kan yadda mahaifinsa ya zo garin nan, sai ka ji, "Ai sai na samu lokaci." Malam, lokacin nan ba ya zuwa. Wanda ke jiran ya gama hidimar duniya kafin ya ɗauki biro, da farar takardarsa za a binne shi.

Mu da muke zaune a ƙasar da ba ta kakanninmu ba, mun fi kowa bukatar rubutu. Mutumin Kano ko Zariya ko bai rubuta ba, ganuwa da fada da unguwa suna tuna masa asalinsa. Mu fa? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, in suka je gida a ce musu baƙi, in suna nan a ce musu 'yan ci-rani. Idan gobe gardama ta tashi a kan fili ko a kan wa ya riga wa zuwa, da me za su kare kansu, kuma da me za su san alherin da masu masaukinmu suka yi mana? Da "an ce"?

Mu leƙa Suleja, ga ta nan kusa da mu. Asalin sarautarta ma ƙaura ce: jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Bayan da aka zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya a 1976, sunan Abuja ya koma can, tsohon garin ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sunan gari sukutum ya tashi, amma tarihinsa bai ɓace ba. Cikin dalilan akwai zaman da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka yi suka rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Mutum biyu kacal, kuma kowannensu da aikin da ke gabansa.

Ko kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi a ƙasar Ghana ta yanzu, ya rasu can a 1934. Mazaunin zango ne kamar mu. Ba lantarki, ba kwamfuta, tawada ce da alƙalamin kara, amma ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami waɗanda masana ke nazari har yau.

Na san uzurorinmu, don duk na yi su. Wani ya ce bai yi boko mai zurfi ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta shiga karatun manya, ga shi littattafanta sun kai har an fassara ɗaya zuwa Turanci. In boko ya gagare ka, ajamin da ka koya a makarantar allo ya ishe ka. Wani ya ce sai basira ta sauko masa. Abubakar Imam, ɗan Kagara a jiharmu ta Neja, yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933, wato gasa mai ranar rufewa. Magana Jari Ce kuwa zama ya yi a Zariya a 1936 ya ɗauke ta a matsayin aiki. Daga 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma jarida ba ta jiran sai ran edita ya yi daɗi. Wani kuma ya ce ai yanzu akwai waya, yana ɗaukar murya ya tura a WhatsApp. Waya nawa ka canza cikin shekara biyar? Ina muryoyin da ke cikin ta farko?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun iya ɗorewa a kan abu in mun ga dama. Mai shago ba ya kwana bai rubuta bashin ranar ba. Matanmu ba sa tsallake zubin adashi ko ana ruwa ko ana iska. Ashe ba horon ne ba mu da shi ba, tarihinmu ne muka ɗauka bai kai darajar bashin sukari ba.

Ga abin da na ɗora wa kaina tun bayan jana'izar nan, kuma wata biyar ke nan ina kai. Bayan sallar asuba, kafin in taɓa waya, ina zama minti ashirin da littafi ɗaya da biro ɗaya, a wuri ɗaya. Ina sa kwanan wata a saman shafi. Ba na yaga takarda ko da abin da na rubuta shirme ne, gyara sai ranar Juma'a. Kafin in rufe littafin ina rubuta tambayar da zan fara da ita gobe, don kada in wayi gari ina kallon farar takarda. In rana ɗaya ta kuɓuce mini, ba na yarda ta biyu ta bi ta. Kuma na ba wani abokina izinin ya tambaye ni duk mako, "Malam, shafi nawa?" Kunyarsa ta tashe ni sau da yawa. Ku lissafa da kanku: kalma 150 a rana, cikin kwana 300 ta zama 45,000. Littafi ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

In ka ce ba ka san abin da za ka rubuta ba, fara da sunan kakanka da garin da ya fito. Rubuta kuɗin mudun masara a kasuwa yau. Ranar 18 ga Janairun 2025 tankar mai ta faɗi a mahaɗar Diko, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. 'Yan jarida sun zo, sun faɗi adadi, sun tafi. Mu da muke nan, mu nawa ne muka rubuta abin da idonmu ya gani, da sunayen waɗanda muka sani, da halin da iyalansu suka shiga? Nan da shekara talatin jikokinmu adadin kawai za su tarar.

Ban ce kowa ya zama Abubakar Imam ba. Cewa na yi kowane gida a samu mutum ɗaya mai littafi. Akwai sauran dattawa a Diko, maza da mata, kuma ba jiranmu za su yi ba. Ni na yi sakaci da nawa. Kai da naka yake raye, sayi littafi yau, gobe da safe ka je ka gaishe shi ka zauna.

Allah ya ba mu ikon farawa, ya ba mu ikon ɗorewa. Wassalam.