Sharhi: Na'urar Gano Kifi da Hanya ga Mai Ƙaramin Jirgin Ruwa

Sharhinmu na yau zai leƙa bakin ruwa ne, wurin Sarkawa da sauran masunta, daga Yawuri da tafkin Kainji har zuwa Baga da dam ɗin Tiga. Na'urorin da ake gano kifi da su a ƙarƙashin ruwa, da masu nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, sun fara zuwa hannun talaka. Tambayar ita ce, mai ɗan ƙaramin jari wacce zai saya, wacce kuma zai bari?

Na'urar gano kifi da sauti take aiki. Tana da wani ɗan kai da ake nutsawa cikin ruwa, shi ke tura sauti ƙasa, ya kuma saurari amsa-kuwwarsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, don haka daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo na'urar ke lissafa zurfi. Tana nuna ko ƙasan laka ne ko dutse, tana nuna itatuwan da ruwa ya shanye, kifi kuma ya fito a allo kamar lanƙwasar baka. Amma ba za ta ce maka wannan giwan ruwa ne, wancan ƙarfasa ce ba. Wannan sanin yana wurin masunci.

To, mai saye ya fara duba ruwan da yake shiga. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam a 1968, matsakaicin zurfinsa kusan mita 11 ne, tafkin Chadi kuwa bai ko kama ƙafar haka ba. Ruwa irin wannan ba ya bukatar na'ura mai ƙarfin da aka ƙera domin teku. Ƙarama mai allon inci 4, wadda ke aiki da sauti na kilohaz 200, ta wadatar. Kamfanoni irin su Garmin da Lowrance da Humminbird duk suna yin irinta, wasu a kan dalar Amurka ɗari da 'yan kai.

Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne GPS, wato mai nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, a cikin na'urar. Da shi masunci zai sa alama a inda ya kafa gura ko ya shimfiɗa mamari, da inda kututture yake, da mashigar da zai koma. Ranar da hazon hunturu ya rufe gaɓa, wannan alamar ce za ta mai da shi gida. Kafin ka biya kuɗin taswirar da ake sayarwa daban, ka sa mai kaya ya nuna maka tafkinka a ciki. In babu, riƙe kuɗinka. Wasu na'urorin, kamar Striker Plus na Garmin, suna zana taswirar zurfi da kansu yayin da jirgi ke tafiya, kuma hakan ya fi amfani a ruwan da ke cika yana janyewa kowace shekara. Wanda bai da hali ma, wayar hannunsa na da GPS da ke aiki ko babu sabis, muddin ya sauke taswira tun yana tudu, ya kuma sa wayar a jakar da ruwa ba ya shiga.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ɗauri da batir. Sauti ba ya ratsa katako yadda ya kamata, saboda haka a kwalekwalen katako dole kan na'urar ya kasance a waje, cikin ruwa, a ɗaure da sanda ko ƙarfe, nesa da kumfar farfelar inji. Batir kuma mai ƙarfin bolt 12 ake so, rufaffe, da fis a jikin waya, da ɗan farantin sola na caji. A duba alamar IPX7, wadda ke nufin na'urar za ta jure nutsewa na mita 1 har minti 30. In ta hannu za a saya, a gwada ta cikin ruwa kafin a biya.

Masu sauraro, akwai gaskiyar da ya zama dole a faɗa. Ƙaramar na'ura ƙasa take kallo, ba ta ganin gaba. Kututturen da ke gaban jirgi sai an hau kansa za ta nuna shi. Ba ta rage lodi, ba ta kuma ceton wanda ya faɗa ruwa. Haɗarin da ya auku kusa da Wara a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka da dama, har yanzu yana zukatan mutanen yankin. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, kuma mallakar GPS ba lasisin keta wannan doka ba ne.

Saboda haka ga jerin da muke ba da shawara a bi: rigar kariya ga duk wanda zai shiga jirgi, sai fitila da usur, sai GPS, sannan na'urar gano kifi. Idan kuɗin mutum ɗaya bai kai ba, ƙungiyar masunta ta haɗa hannu ta sayi guda, a auna wuraren haɗari, a raba wa kowa alamomin. Sarkin Ruwa da dattawan sana'a su ja gaba, su kuma tabbatar ba a yi amfani da na'urar wajen kwashe kifi a makwancinsa lokacin ƙwai ba, domin na gobe ma suna da haƙƙi a wannan ruwa.

Allah Ya tsare masu shiga ruwa, Ya sa albarka a nemansu.