Rumbu Biyu Ba Su Isa Ba

Manomin masara a Tudun Wada ko Doguwa ba ya zuba amfanin gonarsa a rumbu ɗaya, domin gobara ba ta cin wuri biyu lokaci guda. Hikimar ke nan da ta sa Galaxy Backbone ya buɗe cibiyar adana bayanai a Kano a 2023, ta zama madogara ga ta Abuja. A irin wannan tsari, abin da aka rubuta a babbar na'ura ana kwafe shi zuwa ta biyu, yadda in ɗaya ta faɗi, ɗaya za ta ɗauki aikin.

Sai dai na'ura ta biyu mai biyayya ce, ba mai hankali ba. In aka goge bayani bisa kuskure, ita ma gogewa take yi. Wani lokacin ma gyaran nata ne ke jawo asara. A Janairun 2017, wani injiniyan GitLab, ma'ajiyar da masu rubuta manhaja ke amfani da ita, yana gyaran na'ura ta biyu, sai ya goge bayanan babbar. Hanyoyin ajiyar da aka dogara da su ba su yi aiki ba, aka rasa bayanan kusan awa 6.

Saboda haka ina ganin duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan albashi, filaye ko marasa lafiya tana buƙatar abu na uku: ajiyar jiya da shekaranjiya, a keɓe, wadda ake gwada dawo da ita akai-akai. Rumbun da ba a taɓa buɗewa ba, ranar yunwa ake sanin ko ƙwari sun riga mu.